Tarwada ta Shida da ta Bakwai

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga su a garin surukaina ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na wuce ta wurin masu kifi a kasuwa sai na ji cinyata ta hagu ta yi mini tsam. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, ni ba mai son kifi ba ne. In aka ajiye mini kifi da wake aka ce in zaɓa, waken zan jawo.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Malumfashi. Matata Hindatu 'yar wani ƙauye ce da ke gaba da Dayi, wanda ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen garin sun riga sun san ni fiye da yadda nake so. A bayan garin akwai wani babban tafki da ba ya ƙafewa komai tsananin rani. Sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, cikin bazara, lokacin da ruwa ya ja baya kuma ba a kai ga shuka ba. Ranar maza su faɗa ruwa, mata da tsofaffi su cika gaɓa suna kallo.

A dā kowa abin da ya kama nasa ne, sai mutane suka ɓata abin da kansu. Wasu suka riƙa zuwa da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan kifi, har aka yi shekarar da aka wuni cikin taɓo aka tashi da kwaɗi. Dattawa suka rufe tafkin shekara biyu, da za su sake buɗewa suka kafa doka. Kowane gida mutum biyu ne za su shiga. Kowane mutum kifi biyar, manya, ƙanana a mayar da su. Wanda ya cika biyar ya fito. Wanda aka kama ya ƙara ko da guda ɗaya ne, gidan da ya shiga da sunansa ba za su taɓa ruwan ba a shekara mai zuwa. Sarkin Ruwa ne ke buɗe tafkin, amma wanda ke zama a kan tabarma yana duba abin da kowa ya fito da shi, Malam Ilu ne, mahaifin matata. An ɗora shi a kan aikin ne saboda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ana saura shekara ɗaya in je, ya kama ɗan ƙanensa da kifi shida, ya hana gidan ƙanen nasa, Baffa Tanimu, shiga. An yi watanni gaisuwarsu ba ta wuce "lafiya lau".

Duk wannan na sani kafin in je. Ina faɗa ne don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne.

Mun isa garin ran Juma'a da la'asar, hutu kawai muka je, ba ruwana da wani tafki. Ina tsugune a tsakar gida ina gaida surukata, sai na ji tana cewa bana mutum ɗaya gidansu zai shigar, don babban ɗanta ya tafi ci-rani bai dawo ba, saura Sabi'u shi kaɗai. Ban ankara ba Hindatu ta ce, "Ai Inna, Malam ya iya su. A bakin ruwa ya tashi."

Na ɗago na dube ta, ita kuwa sai murmushi take yi, wai ta yi mini gata. Gaskiyar magana, lokacin da nake zuwa zance wurinta na taɓa ce mata a Funtua mu da kifi muka girma. Abin da ya faru a zahiri, sau uku na bi abokai da ƙugiya, abin da na taɓa kamawa kuma karfasa ɗaya ce da ba ta cika tafin hannu ba. (Wa ya ce mata ta riƙe maganar zance har shekara shida? Abubuwa nawa na gaskiya na gaya mata ta manta?)

Sabi'u na zaune kan turmi yana gyaran raga. Ƙanen Hindatu ne, magidanci mai 'ya'ya uku, manomin masara, kuma tun ranar da aka ɗaura mana aure ya ɗauki tsokanata a matsayin sana'arsa ta biyu. Ya ce, "Malam, tarwada fa ba ta san bulala ba, ba kamar 'yan ajinka ba ce. In ba za ka iya ba ka faɗa tun yanzu, mu nemo maka kujera a wurin mata."

Da wani mai hankali aka gaya wa haka, da nan ya yi dariya ya ce a kawo kujerar. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya kai mu goben, za mu ga wanda zai riga cikawa."

Da shadda kaɗai na zo, don haka da safe Inna ta aiko mini da kayan shiga ruwa: wata tsohuwar riga mai kaiwa gwiwa, da wani wando na Baba Malam Ilu da ya daina sawa. Irin wandon nan ne na dā, mai faɗin hantsa, mutum biyu za su shiga su yi hira, ƙafafunsa kuma a tsuke a idon sawu. Zariyarsa ta tsufa har ta yi laushi. Na ɗaura, na dubi kaina, na ce ba komai, wuni ɗaya ne.

Bakin tafki ya cika tun hantsi. Sarkin Ruwa, wani dattijo siriri mai farin gemu, ya yi addu'a, sannan ya ɗauki 'yar lasifika mai batir ya karanta dokar. Sau uku ya maimaita. Na ji da kunnena, na gyaɗa kai, har na juya na ce wa mutumin da ke kusa da ni, "Wannan tsari ya yi. Da haka ake yi ko'ina, da ƙasar nan ta gyaru." (In mutumin yana karanta wannan, ya yi haƙuri.)

Aka ba ni homa, wato raga ce da aka ɗaure a jikin itace mai lanƙwasa, kana danna ta cikin taɓo kana ɗagowa. Aka kuma ɗaura mini igiya a ƙugu, wadda ake zura wa kifi ta baki a fito da ita ta kunne. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu, mutane suka zuba cikin ruwa gaba ɗaya, ni ma aka tafi da ni.

Awa ta farko ba abin da na kama sai ciyawa. Na faɗi sau biyu, na sha ruwan da har yau ba na son tuna ɗanɗanonsa, wani ya taka mini ƙafa ya kuma ce ni na tare masa hanya. Sabi'u ya wuce ta gabana da kifi uku a igiya, ya ce, "Malam, ko in ara maka ɗaya ka riƙe, don kada Yaya ta ji kunya?" Ban tanka ba, don bakina cike yake da laka.

Turereniyar mutane ce ta yi ta kora ni gefe har na tsinci kaina a wani lungu mai duhuwar ciyawa, inda ruwa ya kawo mini ƙirji, ba kowa sai ni. Ashe kifin da hayaniya ta koro duk nan suka taru. Na danna homa don kawai a ga ina wani abu, na ɗago, sai ga tarwada tana wutsil-wutsil. Na sake dannawa, wata. Kafin in gama mamaki igiyata ta cika biyar, matsakaita, masu kyau, ba wanda zai raina su. Na leƙa na hango Sabi'u, huɗu gare shi.

A nan ya kamata labarin ya ƙare. Da na fito a lokacin, da yau abin da ake faɗa a garin shi ne malamin boko ya zo ya riga Sabi'u cikawa. Taku talatin ne tsakanina da gaɓa. Na sha zama in lissafa takun nan talatin, in ji kamar in mari kaina.

Na ce wa kaina bari in ɗan wanke lakar jikina tukuna. Na wanke. Sai na ce bari in ɗauraye homar mutane, kada in mayar da ita da datti. To, ɗauraye homa da danna homa bambancinsu kaɗan ne, kuma hannuna ya riga ya saba. Na danna, na ji nauyi kamar na ɗauko ɗan akuya. Da na ɗago sai da na waiga. Tarwada ce mai tsawon hannuna tun daga kafaɗa, kanta faffaɗa, baƙa wuluk, gashin bakinta kamar na tsohon ɗan sanda. Biyar ɗin da ke igiyata suka koma kamar 'ya'yanta.

Na yi niyyar sakinta, Allah shaida. Na kai kusan minti ɗaya ina riƙe da wannan niyyar. Na yi tunanin musanya ta da ɗaya daga cikin biyar ɗin, amma waɗancan an riga an huda su, in na jefa ɗaya ruwa za ta taso a mace kowa ya gani. Ina cikin wannan sai na ji guɗa daga gaɓa: Sabi'u ne ya ɗaga wata babba sama yana juyi da ita, ya cika tasa biyar. Tawa ta fi tasa girma nesa ba kusa ba. Sai hujjoji suka fara zuwa da kansu. Hindatu na da ciki, tana son farfesu. Kifi ɗaya me zai rage wa wannan uban tafki? In ni na sake ta, wani ne zai kama. Ban taɓa sanin ina da ƙwaƙwalwar lauya ba sai ranar.

Na nutsa har wuya, na sassauta zariya, na zura tarwadar nan cikin ƙafar wando ta hagu. Ta sulale ƙasa, sanyi ƙalau, ta tsaya a inda wandon ya tsuke. Na ɗaure zariya na miƙe.

Ta bakwai kuwa ba ni da abin da zan ce a kanta. Na gwada tafiya na ji ina karkacewa gefe ɗaya, sai na ga ai gara a sami daidaito. Wannan shi ne iyakar tunanin da mutum mai digiri ya yi a cikin ruwa. Na danna homa sau biyu, na samu wata, na zura ta dama. In kun tambaye ni yadda na shirya fitar da su daga gidan surukai in kai su Malumfashi a kan babur ba tare da kowa ya gani ba, ko abin da zan ce wa Hindatu in ta ga kifi bakwai, amsar ita ce ban kai nan a tunani ba.

Na fito ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya jiya. Rigar ta rufe har gwiwa, wandon kuma da ma jibgege ne, ga laka, don haka ba wanda ya lura. Na shiga layi. Baba na zaune a kan tabarma ƙarƙashin wata ɗorawa, butarsa a gefe, Sarkin Ruwa na kusa da shi. Da layi ya zo kaina na miƙa igiya daga tsaye, na ɗan ranƙwafa. Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Biyar. Madalla, Malam." Ya ɗago ya yi mini murmushi. Shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa ganin haƙoransa a kaina ba sai ranar. Na juya zan sulale, sai ya ce, "Kada ka yi nisa, ina son ganinka in an gama."

Abin da ban sani ba, tarwada ba ta saurin mutuwa don an fitar da ita daga ruwa, balle a cikin jiƙaƙƙen wando. Na fi awa ɗaya a tsaye ina jiran sauran mutane su fito, ba damar zama, ba damar tafiya. Ta dama ta ɗan natsu, amma ta hagu duk bayan ɗan lokaci sai ta yi wata irin miƙa, ƙafata ta yi rawa ita kaɗai. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, zazzaɓi ne ya kama ka? Ka shiga rana mana." Hindatu ta zo karɓar igiyar kifi, fuskarta cike da fara'a, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Lafiya kake tsaye haka a wawware?"

"Ƙaya na taka."

"To ka zauna in cire maka."

"Ki tafi da kifin nan gida kada su lalace," na ce, ina zufa.

Ta tafi tana waige. Ba ta kai gida ba, ta tsaya wurin ƙawayenta tana nuna musu abin da mijinta ya kama.

Da mutum na ƙarshe ya fito, aka taru a gindin ɗorawar don rufewa. Baba ya yafito ni da hannu. Na tako a hankali har gaban tabarma. Ya juya ga Sarkin Ruwa, da muryar da kowa zai ji, ya ce, "Wannan surukina ne, malamin makaranta ne a Malumfashi. Yau ya fara shiga ruwan nan, ya kawo biyar cif. Ina so ya yi wa samarin nan magana biyu a kan bin doka, tunda aikinsa ne koyarwa, sannan a yi addu'a a tashi."

Sarkin Ruwa ya ce madalla, ya miƙo mini hannu daga zaune, lasifikar na ɗaya hannun nasa. Na ranƙwafa iya yadda zan iya. Sai ga muryar Sabi'u a bayana: "Malam, mu nan garin har ƙasa ake tsuguna wa Sarkin Ruwa." Mutane suka ɗan yi dariya, Baba ya dube ni yana jira. Ba yadda zan yi. Na yi bismilla a zuci, na tsuguna.

Tarwada na da ƙaya biyu a gefen kanta, in an matse ta sai ta buɗe su. Wannan ma ranar na koya. Ina kaiwa ƙasa ta hagun nan ta ji an danne ta tsakanin cinya da ƙwauri, ta buɗe ƙayarta ta luma mini a cinya. A daidai lokacin Sarkin Ruwa ya kawo lasifika bakina don in fara jawabi. Don haka jawabina a kan bin doka, wanda aka ji har tsallaken tafki, kalma biyu ne: "Wayyo Inna!"

Na zabura na miƙe. Zariyar da ta yi shekaru tana jiran irin wannan rana ta tsinke. Wandon, da nauyin ruwa da na kifi, ya zube har ƙasa. (Akwai gajeren wando a ciki, ga kuma riga, wannan kaɗai ne rahamar da aka yi mini.) Babbar tarwadar ta yi tsalle ta fito, ta faɗa kan tabarma, ta bugi butar Baba da wutsiya ta kifar da ita, ta tsaya a gaban gwiwarsa tana buɗe baki tana rufewa. Ta biyun ba ta fito duka ba, kanta kawai ta leƙo daga cikin wandon, gashin bakinta na motsi.

Ban taɓa jin taron mutane ya yi shiru irin haka ba. Har kukan kurciya na ji a kan ɗorawa. Sai Sabi'u ya yi gyaran murya ya ce, "Biyar a tara da biyu. Malam, kai ne masani, nawa ke nan?"

Wurin ya fashe da dariya. Wasu har zama suka yi a ƙasa. Na hango wayoyi a sama, na hango Hindatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Baba da ƙanensa Baffa Tanimu, wanda ya wuni a gaɓa da 'ya'yansa suna kallon wasu na kama kifi. Baffa ya matso gaban tabarma, ya nuna tarwadar da sandarsa, ya ce, "Yaya, ga ta nan a gabanka. Muna saurare."

Sarkin Ruwa ya so ya rufa mini asiri. Ya ce, "Baƙo ne, Malam Ilu. Wataƙila bai fahimci dokar ba."

Baba bai dube shi ba, ni ya duba. "Malam, ka ji dokar da aka karanta?"

"Na ji, Baba."

"Nawa aka ce?"

"Biyar."

Ya ɗauki butarsa ya tayar da ita. Sannan ya ce, "Tunda da ransu, ya mayar da su ruwa da hannunsa. Gidana ba ya shiga baɗi." Dariyar Sabi'u ta ɗauke kamar an kashe rediyo, sai a lokacin ya gane da shi a cikin hukuncin. Baba ya ƙara da cewa, "A ba shi igiya ya ɗaure wandon. Nawa ne, na san zariyar ba ta da ƙarfi."

Haka na ratsa mutane, wando ɗaure da igiyar kifi, tarwada biyu rungume a ƙirji, jini na bin ƙafata, na kai su bakin ruwa na sake su. Ko juyowa ba su yi ba.

A gida ba wanda ya ce mini komai, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Inna ta aiko da ruwan zafi da man shafawa, don cinyar ta kumbura ta yi suntum. Aka kawo farfesun kifina biyar na halal, na kasa kai loma. Hindatu ta shigo ɗaki ta zauna bakin gado, ta dube ni.

"Ni na ce maka ina son bakwai?"

"Ba ki ce ba."

"Surukai huɗu Baba ke da su. Ba wanda ya taɓa kira gaban Sarkin Ruwa ya ce wannan nawa ne, sai kai."

Na so ta yi faɗa, da na samu abin mayarwa. Ta tashi ta ɗauki kwanon ta fita.

Bayan la'asar na ɗingisa zuwa zaure. Baba na zaune yana sa wa fartanya sabuwar ƙota, don damina ta kusa. Na durƙusa da ƙafa ɗaya, na ba shi haƙuri, na ce shaiɗan ne. Ya ce shaiɗan bai shiga ruwa ba, shi da ya zauna yana duba kowa bai gan shi a layi ba. Ya ci gaba da buga ƙotar, sannan ya ajiye ta ya ce, "Ni ba kifin ne ya dame ni ba, Malam. Kowa na iya yin kwaɗayi. Amma ka fi awa ɗaya a tsaye kusa da ni. Da ka ja ni gefe ka ce Baba na yi kuskure, da na ce ka koma ka wanke ƙafa, ka sake su, ba wanda zai sani. Sai ka bari na tashi gaban mutane ina yabonka suna cikin wandonka." Ya ce in je in gasa ƙafar kada ta yi ruwa.

Bidiyon ya riga ni isa Malumfashi. Da aka koma makaranta na shiga ɗakin malamai, malamin Turanci ya miƙe ya ba ni kujera, wai ya ji tsugunno ba ya yi mini daɗi. Na shiga aji na tarar an rubuta biyar a tara da biyu a kan allo, da zanen kifi a ƙasa. Na tambayi wanda ya rubuta, yara sittin suka zama kurame. Har yau akwai masu acaɓa a garin da in na tsayar da su sai su ce, "Malam Bakwai, ina zuwa?" Mutumin da ya koyar shekara goma sha biyu ba a taɓa samunsa da makara ba, ga sunan da ya tashi da shi.

Da shekara ta zagayo na ce ba inda za ni. Hindatu, da jaririya a bayanta, ta ce, "Gidanmu za su wuni a gaɓa saboda kai, kai kuma kana nan ƙarƙashin fanka? Tashi ka sa riga." Na tashi na sa.

Sabi'u ya nemi wuri kusa da ni ya zauna. Duk wanda ya ɗaga kifi a cikin ruwa sai ya ja dogon numfashi ya dube ni, bai fasa ko sau ɗaya ba har rana ta take. 'Ya'yan Baffa Tanimu kuwa, da suka dawo ruwa, kowa ya wuce sai ya ɗaga mini igiyarsa ya ce in taya shi ƙirgawa. Da aka fara fitowa Baba ya aiko a kira ni. Na je. Ya nuna mini wuri a farkon layi ya ce, "Tsaya can. Ni ina duba igiya, kai ka duba tafiyar mutane. Ka fi ni sanin yadda take."

Na tsaya. Mutum kusan ashirin suka wuce lafiya. Sai ga wani magidanci mai babbar riga jiƙe sharkaf, yana takowa a hankali, gwiwoyinsa nesa da juna, yana kallon sama kamar mai neman hadari. Na san tafiyar nan kamar yadda na san sunana. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Maigida, akwai laka a ƙafarka. Da ka koma ka wanke." Ya dube ni, na dube shi. Ya juya ya koma cikin ruwa har ƙugu, ya ɗan jima, ya fito yana tafiya kamar kowa.

Da aka tashi, ina naɗe wa Baba tabarma, ya ce, "Ka ga wani abu?"

Na ce, "Wani ne dai ya koma wanke ƙafa."

Ya ce, "To, madalla," ya miƙo mini butarsa in riƙe masa, muka kama hanyar gida tare.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, amma da cinyata na biya shi. In an ce ya isa, a fito. In kuwa zuciya ta rinjayi mutum har ya ɓoye abin da ba nasa ba, to ya tuna wani abin da rai gare shi, da ƙaya kuma, ba zai zauna shiru don a rufa wa kowa asiri ba. Gara a sake shi tun ana cikin ruwa, kafin a miƙo wa mutum lasifika.